Sanya Rile a Wayarin Tsohon Babur Domin Wutar Fulogi Ta Dawo da Ƙarfinta

Duk wanda ya daɗe yana mu'amala da baburan shekarun 1970 ya san wata matsala mai wuyar kamawa. Batir a cike yake, kafireta a wanke take, fulogi sababbi ne, amma duk da haka babur ba ya tashi da safe sai an sha fama da shi, kuma idan ya tashi sai ya riƙa tari yana yankewa har sai inji ya ɗauki zafi. Alamar da ta fi jan hankalina a irin wannan hali ita ce injin ya ƙi kamawa muddin yatsa na kan maɓallin sitata, sannan ya kama daidai lokacin da aka ɗaga yatsan. Mutane da yawa sukan ɗora laifin a kan mai, su sake kwance kafireta, alhali abin da babur ɗin yake nunawa a fili shi ne wutar da ke isa ga kwayil, wato na'urar da ke ɗaga wutar batir ta zama tartsatsin fulogi, ba ta kai yadda ake bukata ba, sai da sitata ta daina jan nata kason sannan ta ɗan farfaɗo.

Domin a gane dalilin haka, sai an bi hanyar da wutar take bi. A babura irin su Honda CB750 da ya fito a 1969, ko Kawasaki Z1 na 1972, ko jerin Suzuki GS da suka fara fitowa a 1976, batir yana ƙarƙashin wurin zama ne, kwayil kuma yana ƙarƙashin tanki, tazarar da ke tsakaninsu ba ta da wani yawa. Amma wutar ba kai tsaye take tafiya ba. Tana fita daga batir ta ratsa babban fiyus, ta nufi gaba zuwa makullin babur, ta shiga cikin kwanon fitilar gaba inda wayoyi suke cunkushe, ta hau hannun dama zuwa maɓallin kashe inji, sannan ta sake saukowa ta koma baya zuwa kwayil. A wannan doguwar tafiya tana ƙetare mahaɗai da dama da maɓallai biyu, kuma kowane ɗaya daga cikinsu ya kwashe kusan shekara hamsin yana shan ruwa da ƙura da girgiza. Lokacin da babur ɗin yake sabo asarar ba ta taka kara ta karya ba, shi ya sa ba na ganin laifin waɗanda suka tsara shi. Tsufa ne ya mayar da tsarin da ya wadatar a da ya zama mai cin wuta a hanya.

Lissafin abin ba shi da wuya. Kwayil na babur mai kwantak, wato ɗan maɓallin da inji ke buɗewa yana rufewa domin katse wutar kwayil, yawanci yana da turjiya (ƙin barin wuta ta wuce) tsakanin om 3 zuwa 5 a ɓangarensa na farko, saboda haka yana jan wuta kimanin amfiya 3 a duk lokacin da kwantak ya rufe, kuma baburan silinda huɗu kwayil biyu suke da shi. A ce tsatsar da ta taru a dukkan mahaɗan nan ta haɗu ta kai rabin om kawai, wutar da ke ratsawa kuma amfiya 4 ce, to volt 2 sun salwanta ke nan kafin a isa kwayil, sun koma zafi a cikin makulli da soket. Batir mai lafiya yana nuna volt 12.6 idan yana hutawa, don haka abin da kwayil zai samu bai wuce 10.6 ba. Wani zai ce ai ragin bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, me zai hana inji tashi? Amsar ita ce ƙarfin da kwayil yake tarawa domin ya saki a fulogi ba ya raguwa daidai da raguwar wutar, yana bin ninkin wutar a kanta ne, ta yadda ragin kashi 16 cikin 100 a wuta yake zama ragin kusan kashi 30 cikin 100 a ƙarfin tartsatsi. Idan kuma aka danna sitata, batir da kansa yakan sauka zuwa wajen volt 10, sai a cire waɗancan biyun da hanya ta cinye, a bar kwayil da volt 8 ko kusa da haka, a daidai lokacin da inji yake da sanyi kuma ya fi bukatar wuta mai ƙarfi.

Maganin wannan asara shi ne sanya rile, wato maɓallin da wuta take kunnawa, domin gajarta wa kwayil hanya, amma ba na goyon bayan a sanya shi kafin a auna, ko da kuwa alamun sun yi kama da abin da na bayyana. Awon yana bukatar mitar gwajin wuta ne kawai da ɗan haƙuri. A ɗaga tanki domin a kai ga kwayil, a saita mita a kan awon volt, a ɗora jan tsinkenta a ƙafar batir mai alamar +, baƙin tsinken kuma a kan wayar da ke kawo wa kwayil wuta, ba tare da an cire wayar daga wurinta ba. Sai a kunna makulli, a tabbatar maɓallin kashe inji yana wurin tafiya, kuma kwantak yana rufe domin kwayil ya kasance yana jan wuta da gaske. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa da shi, kuma idan aka manta awon ya zama banza, domin waya mai tsatsa tana iya nuna cikakken volt 12 muddin babu abin da ke jan wuta ta cikinta. Abin da mita ta nuna a wannan yanayi shi ne asarar da ake yi a hanya. Idan bai kai rabin volt ba, matsalar tana wani wuri dabam kuma rile ba zai magance ta ba. Idan ya kai volt ɗaya ko ya wuce, an kama bakin zaren. A gaggauta kashe makulli bayan an karanta, saboda kwayil yana ɗaukar zafi da sauri idan wuta tana ratsa shi alhali inji a tsaye yake.

Ko bayan an tabbatar da asarar, aikin farko shi ne tsaftacewa, kuma a nan ne nake rabuwa da masu ganin rile maganin komai ne. Idan aka kwance sukurori biyun da ke riƙe da gidan maɓallin kashe inji aka buɗe shi a hankali, abin da ake tararwa ƙaramin abu ne ƙwarai: ɗan faifan tagulla da bai kai girman farce ba, da siririn sifirin da ke danna shi, wani lokaci da ɗan ƙwallon ƙarfe da ke sa maɓallin ya tsaya a matsayinsa, wanda yake saurin tsalle ya ɓace idan ba a tare shi da tafin hannu ba. Tagullar da ya kamata ta yi sheƙi za a same ta ta yi kore ko baƙi, tsohon giris ya bushe ya daskare a kanta, wani lokaci har da ɗan rami inda wuta ta daɗe tana ƙonawa. Ta wannan ɗan wuri ne dukkan wutar injin take wucewa. A goge shi da takardar yashi mai laushi sosai har tagullar ta fito, a wanke da man wanke mahaɗan lantarki, a shafa ɗan giris na lantarki, sannan a bi sauran mahaɗan da ke cikin kwanon fitila ɗaya bayan ɗaya, a matse waɗanda suka saki. A duba maƙalan fiyus su ma, domin tsofaffin fiyus na gilashi suna zama ne a cikin maƙalai da ke rasa ƙarfin riƙonsu idan sun sha zafi. Sau da yawa wannan aiki kaɗai yana dawo da fiye da rabin abin da ya ɓace. Dalilin da ya sa nake nacewa a kansa shi ne rile zai ɗauke nauyin kwayil ne kawai; fitilun babur da ham da sigina za su ci gaba da bin tsohon makullin, kuma mahaɗin da yake yin zafi yau shi ne zai narkar da robarsa gobe.

Idan an tsaftace an sake awo amma asarar ba ta sauka yadda ake so ba, ko kuma aka ga tana dawowa bayan ɗan lokaci, to lokacin rile ya yi. Rile maɓalli ne da wuta take kunnawa a maimakon yatsa. A cikinsa akwai ɗan naɗin waya da ke zama maganaɗisu idan ƙaramar wuta ta ratsa shi, sai ya jawo wani ƙarfe ya haɗa ƙafafu biyu masu iya ɗaukar wuta mai yawa. Irin wanda ake amfani da shi a motoci, mai siffar ɗan akwati baƙi, yana jan wuta tsakanin amfiya 0.15 zuwa 0.2 ne kawai domin ya kama, alhali ƙafafunsa suna iya ɗaukar amfiya 30 ko 40, wanda ya zarce bukatar kwayil nesa ba kusa ba. Hikimar ita ce a bar tsohuwar doguwar hanya ta riƙa kunna rile kawai, wutar kwayil kuma ta bi sabuwar gajeriyar waya daga batir. Rabin om ɗin nan da ke cinye volt 2 idan amfiya 4 ta ratsa shi ba zai ci ko kashi ɗaya cikin goma na volt ba idan amfiya 0.15 ce kawai take wucewa. Rile bai ƙara wa batir komai ba, hanyar da ke cin wutar ce aka kauce wa.

A ƙasan rile akwai lambobi kusa da kowace ƙafa, kuma lambobin sun samo asali ne daga ƙa'idar Jamus mai suna DIN 72552, shi ya sa suke iri ɗaya ko da wane kamfani ne ya ƙera shi. Ƙafa ta 30 ita ce ke karɓar wuta daga batir. Ƙafa ta 87 ita ce ke fitar da ita zuwa kwayil idan rile ya kama. Ƙafa ta 85 da ta 86 su ne na ɗan maganaɗisun da ke ciki. Wasu suna da ƙafa ta biyar mai lamba 87a, wadda take ɗauke da wuta a lokacin da rile bai kama ba. A wannan aiki ba a bukatarta, amma dole a rufe ta da kyau, domin za ta kasance da wutar batir ko da makulli a kashe yake. Ni na fi son mai ƙafa huɗu saboda wannan dalili.

Kafin a taɓa kowace waya a cire ƙafar batir da ke haɗe da jikin babur. Sai a nemo wayar da ke kawo wa kwayil wuta daga maɓallin kashe inji, a raba ta da kwayil a mahaɗinta, a kai ta ƙafa ta 86. Ƙafa ta 85 a haɗa ta da at, wato jikin ƙarfen babur ko ƙafar batir mai alamar −, a wurin da aka kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya fito. Daga ƙafa ta 87 a ja sabuwar waya zuwa kwayil, a raba ta biyu idan kwayil biyu ne. Daga ƙafar batir mai alamar + kuma a ja waya zuwa ƙafa ta 30, a sanya fiyus na amfiya 10 a kanta. Waya mai kaurin milimita 1.5 murabba'i ta wadatar ga waɗannan biyun masu ɗaukar nauyi. Game da fiyus ɗin, matsayinsa ya fi girmansa muhimmanci: ya kasance kusa da batir iyakar yadda zai yiwu, domin aikinsa shi ne kare wayar, kuma duk tsawon da ke tsakanin batir da fiyus ba shi da kariya. Wannan waya tana bi ne ta ƙarƙashin tankin fetur, tana gogar firam a kowace girgiza, kuma tana da wuta dare da rana ko da an cire makulli an sa a aljihu. Ban taɓa yarda a yi wannan aiki ba tare da fiyus ba, ko da na gwaji ne na ɗan lokaci.

Launin waya yana taimakawa, amma yana iya yaudara idan mutum ya saba da kamfani ɗaya ya koma wani. A tsofaffin Honda, baƙar waya mai farin layi ita ce ke kai wuta daga maɓallin kashe inji zuwa kwayil, koriya kuma ita ce at. A Suzuki kuwa baƙa mai farin layi ita ce at ɗin kanta, wadda ke ciyar da kwayil mai ruwan lemo ce da farin layi. Wanda ya ɗauki sanin Honda ya shiga wayarin Suzuki da shi zai iya haɗa wutar batir kai tsaye da jikin babur. Ban da haka, babur da ya kai wannan shekaru ya ratsa hannaye da yawa, kuma ba kowa ne ya damu da launi ba lokacin da yake gyara. Don haka a nemi zanen wayarin wannan samfurin, sannan a tabbatar da mita cewa wayar tana samun wuta idan an kunna makulli, tana kuma rasa ta idan an juya maɓallin kashe inji.

Wannan sharaɗi na biyu ba abin wasa ba ne. Akwai masu ɗauko wutar kunna rile daga duk wata waya da ke da wuta idan makulli yana kunne, saboda ta fi kusa ko ta fi sauƙin kaiwa, kuma babur zai tashi ya yi tafiya lafiya lau. Sai dai maɓallin kashe inji ya zama ado ke nan. Ranar da babur ya faɗi da mai shi, ko wayar totur ta maƙale a buɗe, babban yatsan dama ne yake kashe inji ba tare da hannu ya bar kan babur ba, kuma domin wannan rana aka sanya maɓallin a wurin. Dole ne wutar da ke shiga ƙafa ta 86 ta kasance ta riga ta ratsa makulli da maɓallin duka biyun.

Ba kowane tsohon babur ne wannan aiki ya dace da shi ba. Baburan da ke amfani da maganeto, wato ɗan janaretan da ke samar da wutar fulogi daga juyawar inji, da waɗanda CDI ɗinsu, akwatin lantarkin da ke maye gurbin kwantak, ke samun wuta kai tsaye daga inji, ba sa ciyar da kwayil daga batir, kuma maɓallinsu na kashe inji yana aiki ne ta hanyar zubar da wutar a jikin babur, saboda haka babu abin da rile zai gyara a nan. Babur mai tsarin volt 6 yana bukatar rile na volt 6, domin na volt 12 ba zai kama ba. Baburan Ingila irin su Triumph da BSA da Norton sun daɗe, har cikin shekarun 1970, suna haɗa ƙafar + ce da jikin babur, akasin na Japan, don haka komai na bayanin da ke sama sai an juya shi. Wannan yana da muhimmanci musamman idan rile ɗin yana da dayod a ciki, wato ɗan abin da ke barin wuta ta bi ta hanya ɗaya kawai, domin shanye wutar da maganaɗisu ke mayarwa idan an kashe shi, saboda irin wannan rile dole ne ƙafa ta 86 ta samu + ta 85 kuma ta samu −, in ba haka ba dayod ɗin ya ƙone nan take. Sannan akwai baburan da aka sanya musu turjiya da gangan a gaban kwayil, kamar Norton Commando mai kwayil na volt 6. A irinsu sabuwar wayar za ta shiga ne ta gaban wannan turjiya, ba za ta tsallake ta ba, domin idan aka ba kwayil ɗin cikakken volt 12 ba zai daɗe ba.

Na san akwai masu ƙin wannan gyara, kuma hujjojinsu biyu suna da nauyi. Ta farko ita ce babur na tarihi ya kamata ya zauna yadda ya fito daga masana'anta. Ta biyu ita ce an ƙara wani abu da zai iya lalacewa a hanya, domin rile da fiyus da sababbin mahaɗai duk wurare ne da matsala za ta iya ɓullowa. Amsata ga duka biyun ɗaya ce: kada a yanke ko waya ɗaya daga cikin na asali. A yi amfani da mahaɗai irin na babur ɗin, masu shiga juna, ta yadda wayar da aka cire daga kwayil za ta iya komawa wurinta cikin minti kaɗan. Idan rile ya mutu a tsakiyar tafiya, sai a zare wayar da ke zuwa 86 a mayar da ita kan kwayil, babur ya koma tsarinsa na da ya kai mutum gida. Idan kuma wata rana aka so a mayar da shi yadda yake tun asali, sai a cire ƙarin gaba ɗaya ba tare da ya bar tabo ba. Ni dai a ganina babur da ake hawa ya fi cancantar wuta mai ƙarfi a kan ya riƙe kamannin da babu mai gani a ƙarƙashin tanki, matuƙar an bar ƙofar komawa a buɗe.

Wurin da za a ɗaura rile ya kasance nesa da zafin inji da feshin ruwan taya, ƙafafunsa suna kallon ƙasa domin kada ruwa ya taru a cikinsu, a kuma sa ɗan roba tsakaninsa da firam, saboda girgizar babur ta fi ta mota tsanani kuma tana iya sa ƙarfen ciki ya riƙa rawa. A matse mahaɗai da kayan matsewa na gaske, a ja kowace waya da hannu a ga ko za ta fita, a rufe da robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi, sannan a ɗaure wayoyin a jikin firam inda tanki ba zai danne su ba.

Bayan an mayar da batir, idan aka kunna makulli za a ji ƙaramar ƙara ɗaya daga rile. A sake awon farko da tsinken mita a wurare guda. Asarar ta kamata ta sauka zuwa 0.1 ko 0.2 na volt. Sai a tayar da inji a kashe shi da maɓallin hannun dama, a sake tayarwa a kashe shi da makulli, kuma kowane ɗaya ya kashe shi nan take. Idan inji ya ci gaba da aiki bayan an kashe makulli, wuta tana komowa ƙafa ta 86 ta wata hanya, domin rile da ya riga ya kama wuta kaɗan ce take riƙe shi. A baburan da ke da fitilar nuna caji, sau da yawa ta nan take biyowa, kuma dayod ɗaya a kan wayar fitilar yana tsayar da ita. A kuma riƙa tunawa cewa yanzu kwayil da kwantak suna samun cikakkiyar wuta, saboda haka barin makulli a kunne alhali inji a tsaye yake ya fi haɗari yanzu fiye da a da, kuma kwandansa, ɗan abin da ke hana tartsatsi cin kwantak, idan mai rauni ne da a da yake lallaɓawa, zai fara bayyana kansa ta hanyar ƙona fuskar kwantak. A buɗe murfin kwantak bayan tafiyoyin farko a duba fuskarsa, idan an ga ta fara yin rami ko baƙi a sauya kwandansa kafin a ci gaba da hawa.